Golf 3: fitilar hagu ta dusashe, an canza ƙwai bai hana ba

Mai Golf Daura: Slm jama'ar gidan nan barkanmu da dare. Don Allah masu sanin wutar mota ku taimaka min da shawara. Golf 3 ce wagon nake lodi da ita Daura zuwa Katsina, to kwanan nan fitilar gaba ta ɓangaren direba ta koma ja-ja ba ta da wani haske, ta dama kuma lafiyarta lau. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne in na kunna dim sai in ga shuɗiyar wutar nan ta ful layit da ke dashbod tana ɗan kamawa kaɗan-kaɗan alhalin ni ban ɗaga ful ba, in kuma na ɗaga ful ɗin ta hagun nan dai tana nan yadda take. An canza ƙwai an sa sabo fil daga kwali, ba abin da ya sake. Jiya bayan isha'i na baro Mashi saura ƙiris in hau amalanken shanu don ban hango shi ba sai da na zo gab, Allah ne ya tsare kawai. Ina tsoron kai ta a yayyanka min wayoyi a banza shi yasa na fara kawowa nan.

Dan Tasha: batir dinka ne ya mutu malam, sayi sabo ka huta

Direban Jibia: Allah ya kara tsarewa. Ni dai inaga altaneta ce bata caji, tawa Sharon haka ta taba yi min wuta duk ta yi sanyi

Mai Sifiya: Alhaji ka rabu da ƙwan halojin ɗin nan haka nan, zamani ya wuce shi. Akwai LED masu fanka a bayansu fari tas, ka sa su ka ga hanya har Kongolam daga Daura. In ka shigo Katsina ka yi min magana ta gefe.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗan Tasha da direban Jibia, batir ɗaya ne a motar, altaneta ma ɗaya ce, kuma su ne ke ba fitilun biyu wuta. In da su ne da laifi ai duka biyun za su dusashe tare, ba yadda za a yi batir ya zaɓi ta hagu ya ƙyale ta dama. Mai Golf motar na tashi da safe bugu ɗaya?

Mai Golf Daura: Bugu ɗaya wlh, ko da sanyin asuba

Injiniya: To a cire batir daga lissafi.

Dan Tasha: to ni dai na fadi nawa 😂

Oga Rewaya: Assalamu alaikum. Yanzu na dawo daga masallaci na ga saƙonnin. Mai Golf kar ka sayi komi tukuna. Motarka as ta rasa a fitilar hagu, wato hanyar da wuta ke komawa ta bodi zuwa negetif na batir, shuɗiyar wutar nan da ka ce tana leƙowa ita ta tona asirin. Ƙwan wanga mota H4 ne, ƙafa uku gare shi a baya, guda ta dim guda ta ful guda ta as, kuma zare biyu ne cikin kwalbar amma hanyar komawarsu guda ce. To in hanyar komawa ta toshe wuta ba ta zama ta jira, kamar ruwan sama ne in aka toshe mashi magudana, gidan maƙwabci za shi faɗa. Sai ta shiga ta zaren dim ta rasa wurin fita ta bi ta zaren ful da baya-baya, ta bi wayar ful har ta ƙetara fitilar dama ta samu as can. Kan hanyarta ta ratsa ta ɗan ƙwan nan shuɗi na dashbod shi ya sa kake ganin shina kamawa. Zare uku ke rabon wutar da zare guda ya kamata ya ci shi kaɗai, ina haske zai fito.

Mai Golf Daura: Ikon Allah. Baba Allah ya ƙara girma, wlh ko a gareji ba wanda ya yi min wannan bayanin

Oga Rewaya: Ka fita yanzu in motar na ƙofar gida, kunna dim ka duƙa gaban fitilar dama ka duba cikin kwalbar da kyau. In maganata daidai ce za ka ga zaren ful nata ya ɗan yi ja shi ma, ko da kaɗan ne.

Mai Golf Daura: Na je na duba, hasken na kashe ido da ƙyar na iya kallo amma da na zare soket ɗin hagu gaba ɗaya sai shuɗiyar dashbod ta ɗauke ɗif. Na mayar ta dawo.

Injiniya: Wannan gwajin ma ya fi. Ya tabbatar ta cikin ƙwan hagu wutar ke zagayowa. Oga ya gama magana.

Oga Rewaya: Gobe da safe ka nemi waya mai ɗan kauri kamar kamu biyu, ka ɗaure kai guda ga kan batir na negetif, ɗayan kan ka taɓa shi ga wayar as a bayan soket fitila na kunne. Motocin Volkswagen as ɗinsu kullum ruwan ƙasa ce, ta dim rawaya, ta ful fara. Ka kula hwa, ruwan ƙasar kaɗai za ka taɓa, in ka taɓa rawayar fiyus za ka kashe. In fitila ta washe to shi kenan sai a bi wayar nan har inda aka ɗaure ta ga bodi a kwance a kankare tsatsa da sandfefa a ɗaure tamau.

Malam Ticha: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in ɗan ratso tunda ga masana sun hallara. Tawa tsohuwar Carina E ce, tun makon jiya in na taka birki sai fitilun dashbod su kama, har da ƙananan fitilun gaba na fakin, in na saki su mutu. Yaran gida har sun mayar da abin wasa, kowa sai ya ce Baba taka mu gani. Shi ma as ɗin ne?

Oga Rewaya: Allah gafarta Malam, an taɓa maka fitilar baya kwanan nan?

Malam Ticha: Ƙwarai kuwa, ƙwan birki na dama ya mutu na tsaya bakin hanya wajen Ƙofar Ƙwaya wani yaro ya sa min sabo.

Oga Rewaya: To can matsalar take. Ƙwan birkin motarka zare biyu ne, 21 na birki 5 na fakin, an rubuta 21/5W jikinshi, gindinshi ɗigon darma biyu gare shi kuma ƴan kunnuwanshi na gefe ba su daidaita ba guda sama guda ƙasa. Yaron halan ƙwan sigina mai ɗigo guda ya danna maka da ƙarfi, ɗigon nan guda shina tsakiya sai ya haɗe ƙafafun biyu, duk sanda ka taka birki wutar birki ta zuba cikin layin fakin. Ciro shi ka juya gindin ka ƙirga ɗigon.

Injiniya: Ko da ɗigo biyun ne Malam ka ɗaga shi a haske ka duba ciki, wani lokaci zaren sama ke tsinkewa ya faɗo kan na ƙasa su manne, sakamakon iri ɗaya ne. Sai in duk wannan lafiya ne za a koma kan as na fitilar baya.

Malam Ticha: Madalla. Da safe in sha Allahu kafin in wuce makaranta.

Direban Jibia: tunda ana yi nima ga tawa, Sharon dina fiyus din fitilar baya kullum sai ya kone musamman in na shiga gargada, na gaji da saye na nade shi da takardar kwalin sigari mai kyallin nan yanzu shiru kake ji

Oga Rewaya: Innalillahi. Ɗana cire wannan abin daren nan kafin ka kwanta, ba wasa nike ba. Fiyus ba shi ne cutar ba, shi ke mutuwa don waya ta tsira. Yanzu ka hana shi mutuwa, ran da wayar nan ta manne ga bodi da kyau ita za ta yi ja ta narke cikin damin wayoyi ƙarƙashin dashbod, kai kuma ga fasinja cike har but ga galan ɗin mai. Na ga motar da ta ƙone ƙurmus saboda wanga aiki, mai ita na tsaye shina kallo da jarkar ruwa a hannu.

Dan Tasha: yan tasha kaf haka mukeyi Baba, wasu ma waya suke lankwasawa su cusa

Oga Rewaya: Shi ya sa kuke kawo muna su a jaye.

Injiniya: Kuma ba takarda kaɗai ba, har wanda ke cire ja ya sa kore duk abu ɗaya ne. Kalar nan ba ado ba ce, ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wayar da aka yi don fiyus 10 in ka sa mata 30 ka ba ta izinin ɗaukar ninki uku kafin wani abu ya tsinke, kuma abin da zai fara tsinkewa ba fiyus ɗin ba ne.

Direban Jibia: to naji na tuba, amma ya zanyi in gano inda yake shot din, rewaya biyu sun duba basu gani ba don in motar na tsaye lafiya lau take

Oga Rewaya: Ka samu ƙwan sigina mai 21 ka haɗa mashi waya biyu, ka cire fiyus ɗin ka soka wayoyin nan cikin ramukan fiyus, ka kunna fakin layit. Ƙwan zai kama dishi-dishi. Sai ka sa yaronka ya zura mashi ido kai kuma ka bi wayoyi kana girgizawa, duk inda ka taɓa ka ji yaro ya ce ya haska fes to nan ne shot ɗin, kuma ba abin da zai ƙone don ƙwan ya tare wutar. Ka fara da robar nan mai kama da maƙogwaro da ke saman ƙofar but wajen hinji, wayoyin fitilar lamba ta nan suke bi, buɗe rufe buɗe rufe shekara da shekaru sai bawon ya tsage. Ku da kuke danne but da igiya kan kaya ma ai abin ya fi yawa gare ku.

Direban Jibia: wlh kamar kana gani, but dina baya rufuwa sai da igiya ranar kasuwa

Admin: Jama'a a riƙa bi a hankali, tambaya uku ta haɗu wuri ɗaya. A bar Mai Golf ya gama tukuna.

Mai Golf Daura: Barkanmu da safiya. Ga yadda ake ciki, ban samu waya a gida ba sai na biya wani gareji nan Daura, maigidan bai fito ba sai yaronsa. Na ce masa as ce ya ɗauko mita ya zare soket ya sa tsinke ɗaya a wayar ruwan ƙasa ɗaya a bodi mita ta yi ƙara ɗiiii, ya ce ka ji ko, as lafiya lau, siwic ɗin sitiyari ne ya lalace sai an sauke an canza. Har ya ɗauko sukundireba na ce ya dakata in tambayi manya.

Mai Sifiya: Akwai siwic ɗin a shago na Beljiyam mai kyau

Dan Tasha: kai Mai Sifiya komai akwai 😂 ko ciwon kai akace zakace akwai na Beljiyam

Injiniya: Kar ka bari ya taɓa sitiyari. Siwic ɗaya ne ke aika wuta hagu da dama, daga bayansa ne layin ke rabuwa kowace fitila da fiyus nata, to in siwic ne me ya sa ta dama ke haske? Sannan ƙarar nan da mita ta yi ba ta nuna komai ba. Mita in tana gwajin ƙara wata ƴar mitsitsiyar wuta take turawa wadda ko silin waya ɗaya ya rage a maƙale za ta wuce ta yi ɗiii. Shi kuwa ƙwan dim wat 55 ne, raba shi da 12 ka ga ya haura amfiya 4 da rabi, wannan ba zai bi ta sili ɗaya ko ta kan tsatsa ba. Don haka ba a gwada as da soket a zare. A mayar da soket, a kunna fitila, a juya mita kan DC 20, baƙin tsinke a kan negetif na batir shi kansa ba kan bodi ba, jan tsinke a wayar ruwan ƙasa ta bayan soket. Lafiyayyar as bai kamata ta wuce 0.2 ba. Duk abin da ka gani sama da haka wuta ce ke ɓacewa a hanya.

Oga Rewaya: Duk wanga dogon lissafi da ɗana ya yi, da tes lam ɗina, ƙwan gwaji mai waya, minti guda ne. Shi ya sa nike hana yarana taɓa mita sai sun shekara biyu suna riƙe ƙwai da waya. Ƙwai ba ya maka ƙarya, in wuta ba ta da ƙarfi za ka gani da idonka. Mita kau sai ta rubuta maka 12 cif a wayar da ko ƙwan dashbod ba ta iya kunnawa, yaro ya ce wuta na zuwa.

Injiniya: Baba da girmanka amma mitar ba ta yi ƙarya ba, tambayar da aka yi mata ta amsa, mai riƙe da ita ne bai iya tambaya ba. Kuma tes lam ba zai gaya maka bambancin 13.5 da 12 ba, ido ba ya kama wannan, alhali ƙwan halojin in wutarsa ta ragu da kashi 10 cikin ɗari haskensa kusan kashi ɗaya cikin uku ke tafiya. Rabin motocin da ke yawo da dare ba su gani sosai wannan ce cutarsu ba wai ƙwai ba.

Oga Rewaya: Kafin a haife ka nike gyara 504 da tes lam, ba wadda ta dawo.

Injiniya: 504 ba ta da kwamfuta Baba. Yau ka soka ƙwai mai 21 a wayar da ta fito daga birenbos na sabuwar mota ko wayoyin nan masu rawayan soket na eyabag ka ga aiki. A Golf 3 kan layin fitila na yarda tes lam ya isa, amma yaran da kake koyarwa ba Golf za su tarar ba nan da shekara goma.

Oga Rewaya: Wannan kuma gaskiyarka, rawayan soket ko ni ba ni kusantarshi. Amma dai ka zo gareji ka ga yadda ƴan makarantarku ke tsayawa da mita a hannu suna kallon mota kamar sun ga baƙo.

Malam Ticha: Ku biyun dai kowa na da rabin gaskiya, sai ku haɗa gareji. Ni kuwa na ciro nawa, ɗigo ɗaya ne Oga, har ya lanƙwasa bakin soket ɗin wajen dannawa. Na sayi mai biyu na sa, dashbod ya daina rawa. Allah ya saka da alheri, yara dai sun yi asarar wasansu.

Oga Rewaya: Madalla Malam. Ka ɗan matse bakin soket ɗin da filaya kar ƙwan ya riƙa motsi.

Mai Golf Daura: To manya an yi yadda Injiniya ya ce, fitila na kunne, mita ta nuna 0.1 a wayar ruwan ƙasa. Yaron har yana min dariya wai ai ya faɗa. Mun kuma jawo waya daga negetif kamar yadda Baba ya ce mun taɓa bayan soket, fitila ko gezau. Yanzu kam kaina ya kulle.

Dan Tasha: mita ta fadi tes lam ya fadi, saura batir dina 😂😂

Mai Sifiya: Shi ya sa na ce a sa LED a huta, ba ya cin wuta ko as ɗin ba ƙarfi zai kama

Oga Rewaya: Ku dakata. Ina kuka taɓa, jikin wayar ko ƙarfen ƙwan?

Mai Golf Daura: Wayar, daidai inda ta shiga robar soket ta baya

Oga Rewaya: To wayar lafiya take har zuwa nan, mun gode mita ta wanke ta. Amma tsakanin wayar da ƙafar ƙwai akwai sauran mataki guda, ɗan bakin ƙarfen nan na cikin soket da ke cizon ƙafar. Ja soket ɗin baya kaɗan yadda za ka hangi ƙafafun ƙwan, ka taɓa wayarka ga ƙafar da ke shiga ramin ruwan ƙasa, ƙarfen ƙwan shi kanshi.

Injiniya: Daidai. Kafin ku taɓa wayar ku fara sa jan tsinken mita a ƙafar, ina son in ji lambar.

Mai Golf Daura: 6 da ɗigo wani abu, tana hawa tana sauka in an motsa soket

Mai Golf Daura: ALLAHU AKBAR ta kawo!! Muna taɓa waya a ƙafar ta washe fes har ta fi ta dama, shuɗiyar dashbod ma ta mutu

Injiniya: Ka ga ni. 0.1 a waya, 6 a ƙafar ƙwai, tazarar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba rabin wutar motar ke mutuwa a ciki. Zare soket ɗin ka leƙa cikin ramukan da tocilan waya.

Mai Golf Daura: Na leƙa. Daga waje ba ka ganin komai amma ciki ramin as ɗin ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke ta kumbura, ƙarfen ya buɗe baki ya koma kalar toka har yana wari in ka kai hanci. Ashe shi ya sa wanda ya canza min ƙwai ya ce da ƙyar ya zare shi. Sauran ramuka biyun da sauƙi amma su ma sun fara canza kala.

Oga Rewaya: Tsohon ƙwan da aka cire shina nan? Karanta muna abin da aka rubuta a gindinshi.

Mai Golf Daura: Yana cikin aljihun ƙofa. 12V 100/90W. Na duba na dama ma irinsa ne, haka na sayi motar da su daga hannun wanda ke jan ta da

Oga Rewaya: To ga ɓarawon nan. Motar 60/55 aka yi ma wayoyinta da soket ɗinta. Direbobi na son haske sai su sa mai 100, kuma abin haushin fiyus ba zai mutu ya gargaɗe ka ba don 10 ne kowane gefe, shi kuma dim mai 90 wajen 7 da rabi yake ja, bai kai ba. Sai zafin ya tare a bakin soket, ƙarfe in ya sha zafi ya saki, in ya saki ya ƙara zafi, haka har ya ƙone. Kuma ƙafar as ta fi shan wahala don ko dim ka kunna ko ful ita ba ta hutu.

Injiniya: Kuma Golf 3 daga kamfani ba rile (ɗan makunnin da ke ɗauke wa siwic nauyin wuta) a kan dim da ful, duk wutar nan ta cikin siwic take bi. Da ka ci gaba da masu 100 ɗin nan siwic ɗin da yaron ke son canzawa da ya ƙone da gaske watarana.

Mai Sifiya: To ai magana ta dawo kan tawa, LED ba ya zafi ba ya ƙona soket

Malam Ticha: Mai Sifiya bari in faɗi tawa a matsayin wanda ake haskawa. Ina dawowa daga Batagarawa da magariba, waɗannan fararen fitilun in sun tunkaro ka sai ka tsaya cak don ba ka ganin ko gefen titi, ga masu babur ga yara. Ka yi musu sigina su sauke su ɗaga maka wata wadda ta fi, ashe wancan ɗin dim ne.

Injiniya: Dalili shi ne madubin cikin fitilar an ƙera shi ne daidai da wurin da zaren halojin yake zama, har da ɗan murfin ƙarfen da ke ƙarƙashin zaren dim na H4 wanda ke yanke haske kar ya tashi sama. Yawancin LED na kasuwa hasken ba daga wannan wurin yake fita ba, sai ya watsu ko'ina, mai motar ya ga gabansa fari tas ya ɗauka ya samu haske alhali can nesa inda yake buƙata ba komai, na gaba kuma ya makance. In hazo ya sauko ma abin ya fi muni don ƙurar ke dawo maka da shi ido. A sigina kuma in ka sa su sai ta riƙa ƙiftawa da sauri don filasha ta ɗauka ƙwai ya mutu.

Mai Sifiya: Akwai masu kyau fa Injiniya, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuɗinsu ne mutane ba sa iya biya

Injiniya: Akwai, ban musa ba. Amma ko mai kyan ka sa a soket ɗin da ya ƙone wata biyu zai fara ƙifce-ƙifce a dawo maka da shi.

Mai Golf Daura: To yanzu me zan sa yaron ya yi, yana cewa a kankare a matse da filaya a mayar

Oga Rewaya: A'a. Ƙarfen da ya sha wuta ba ya sake riƙo ko ka matse shi, sati guda ya saki. A yanke soket ɗin a sa wani, in ka samu mai jikin tangaran ya fi na roba. A yanke wayar baya kaɗan har inda jan ƙarfen ke ƙyalli don kusa da ƙunar za ka tarar ya yi baƙi ya yi tauri. A yi soda, kar ya murɗa maka da hannu ya naɗe da salatif, damina na zuwa ruwa ya shiga mu koma gidan jiya. Ka tsaya kanshi ya haɗa kala da kala ɗaya bayan ɗaya kar ya juya maka dim da ful. Ka cire mai 100 na dama ka sa 60/55 duka biyun, ka leƙa soket ɗin damar shi ma. Kuma kar ya kama kwalbar da yatsu, maiƙon hannu na sa ta kumbura ta fashe, a riƙe ta ta gindi. Robar baya a mayar da ita ta zauna daidai saboda ƙura.

Injiniya: Tunda mita na hannu ku tada motar ku auna kan batir, ya zama tsakanin 13.8 da 14.4 haka. In ya haura 15 regiletar altaneta ce ta lalace, za ta riƙa cinye maka ƙwai ko wane iri ka sa. Daga nan ku auna rawayar waya a soket fitila na kunne ku kwatanta da na batir, in bambancin ya kai 1 ko fiye to tsufan wayoyi da siwic na cin haskenka, maganinsa rile ne ba babban ƙwai ba. Rile biyu, ɗaya dim ɗaya ful, ƙafar rile mai lamba 30 daga batir da fiyus kusa da batir ɗin, 87 zuwa fitila, 86 tsohuwar wayar da ta zo daga siwic, 85 as. Da 60/55 ɗin nan za ka ga hasken da mai 100 bai taɓa ba ka ba.

Oga Rewaya: Nan kam ba mu da gardama da ɗana.

Dan Tasha: a rubuta ranar yau

Mai Golf Daura: Alhamdulillah an gama. An sa soket sabo an yi soda ina tsaye, na dama ma ya fara narkewa shi ma an canza. Kan batir 14.1, a fitila 12.7. Dukkansu suna haske daidai yanzu sai dai ta hagu kamar tana kallon sama kaɗan. Yaron ya ce a gaida Baba, wai yana son a sa shi a gidan nan.

Oga Rewaya: A sa shi, yaron da ya yarda ya tsaya aka gwada ai zai koya. Saitin kuma da dare ka samu bango a fili mai daidai ka ja baya kamar taku goma sha, ka kunna dim, akwai sukurori bayan fitilar ka juya har layin hasken biyu ya zo ɗaya kuma ya zama ƙasa kaɗan da tsayin fitilar. Ka yi shi da ɗan kaya a but tunda kullum cikin lodi kake, in ba haka ba kana ɗaukar fasinja gaban zai ɗaga.

Injiniya: 14.1 da 12.7, kana asarar 1.4 kenan, rile ɗin nan na jiranka.

Direban Jibia: nima na bude robar but din, wayoyi uku sun tsage daya har ta kusa rabuwa biyu, takardar sigarin kuma tun jiya na cire kafin Baba ya sake min fada

Oga Rewaya: Kar ka naɗe su nan cikin lanƙwasar, a yanke a sa sabuwar waya mai laushi a kai haɗin can ciki inda ba ya motsi. Kai kuma Mai Golf in ka sauke fasinja Katsina ranar Asabar ka biyo ta gareji da rile biyu da fiyus holda, waya ina da ita. Ka zo kafin azahar don bayan la'asar ina da ɗaurin aure a Rimi.